Jan Sassaƙen Kawu

Tun da ƙafar Umma ta koma kan fedar keken ɗinki, gidan ya dawo yadda Auta ta san shi tana ƙarama: ƙarar keke tun hantsi, guntayen ƙyalle a ƙarƙashin kujeru, matan unguwa suna shiga suna fita da yadi a hammata. Shekaru Umma ta yi gwiwoyinta sun hana ta sakat, har keken ya zama teburin kife kwanuka. Sai ga shi bana ita ce mai hawa matakalar baranda ta yi shanya, tana hawa tana yi wa 'ya'yanta gorin lalaci.

Kowa ya san abin da ya tashe ta. Garin jan sassaƙe ne na ƙaninta, Kawu, mai shagon maganin itatuwa a bakin kasuwa. Cokali da safe, cokali da yamma, a ruwan ɗumi.

Ranar da hankalin Auta ya fara tashi, hutun ƙarshen mako ne. Ta kama hannun Umma don ta taya ta sauko da bokiti daga matakala, riƙo na hankali, irin wanda ake yi wa jariri. Can da hantsi, Umma ta naɗe hannun riga za ta yanka yadi, sai Auta ta ga shatin yatsunta a damtsen, jini ya taru ya yi shuɗi-shuɗi. Ta dubi fatar wurin, ta yi sirara tana ƙyalli kamar takardar naɗe sabulu. Ta ɗaga ido ta dubi fuskar. Kumatun nan da kowa yake yabawa sun cika sun yi kewaye, har 'yan kunnen sun kusa nutsewa, alhali ƙafafun sai ƙara ramewa suke.

Ta bar abin a ranta. Dama bakinta ya fi na kowa nauyi a gidan. Ko a jami'a, inda ta karanta harhaɗa magunguna, malamai sun fi sanin rubutunta da muryarta.

Tana cikin wannan kallo Kawu ya yi sallama, ya shigo da kwalba a hannu.

"Ina sarauniyar teloli? Ga sarkin magani ya iso."

"Shigo, Boka," in ji Umma, ba ta ko ɗago daga almakashi ba.

"Na hana ki kirana boka a gaban 'yar boko. Auta, gaya mata. Ba ke kika buga mana hatimi ba?" Ya dire kwalbar a kan keke ya zauna. "Dubi kumatunta don Allah. Matar da bara in iska ta taso sai mun ɗaure ta a ƙafar gado."

"Kai dubi naka, kamar an hura balan-balan."

"Jini ɗaya, magani ɗaya. Ni ma ina sha. Bayan nan nawa ya daina kuka."

"Bayanka ya daina kuka ne tun da ka daina daka, malalaci."

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. "Turmi ya yi ritaya. Akwai wani bawan Allah da yake kawo min shi a niƙe, buhu guda, laushi kamar hoda. Wa zai zauna yana karya ƙugu?"

Auta ta juyo ta dube shi. "Kawu," ta ce, sai da ta sake faɗa kafin ya ji. "Tun yaushe?"

"Tun bara mana."

"To wanda ka kawo min na gwada fa?"

"Ai ke kika ce ba kya son gari, ɓawo kike so da jikinsa. Sai na sauko miki da na marigayi kakanki, wanda ke rataye a shago. Ba itace ɗaya ba ne?"

Gaskiya ya faɗa. A ɗakin gwajin magungunan itatuwa inda take aiki, abin da ake fara koya wa sabon ma'aikaci ke nan: a kawo ganye da siffarsa, saiwa da jikinta, ɓawo da bayansa, don gari ba shi da fuska. Da Kawu ya fara kawo wa Umma maganin, ita Auta ce ta dage sai ta duba. Ta yanka ɓawon sirara ta sa a madubin likita, ta ga itacen ne ba wani ba. Ta ƙona wani ta auna tokar, babu yashi. Ta nemi funfuna ba ta samu ba. Ta dawo gida da farin ciki ta ce, "Umma, sha abinki." Kuma ko sau ɗaya ba ta buɗe kwalbar da Umma ke ɗiba a ciki ba.

Ranar da aka koma aiki ta tafi da cokali guda na garin a cikin jaka.

Ɗakin gwajin dogo ne, tagoginsa a sama, kullum yana warin barasar wanke kwalabe da busasshen ganye. Shugabarsa wata dattijuwa ce da kowa ke kira Anti, mai tabarau da sarƙa a wuya, wadda ba ta taɓa kiran Auta da komai ba sai Shiru-shiru.

Auta ta barbaɗa garin a gilashi ta leƙa. Da farko ta ji sanyi a ranta: ga jajayen zaren itacen nan, ba shakka shi ne. Amma a tsakaninsu akwai wasu fararen ƙwayoyi, santala-santala, masu yawa kamar an watsa tsakuwa a ciyawa. Wannan itacen ba shi da sitaci mai yawa haka. Ta ɗiga aidin, ruwan nan na wanke ciwo, a gefe, nan take garin ya koma baƙi ƙirin. Irin sitacin nan ta san inda ake samunsa: shi ake haɗawa da magani a matse ya zama ƙwaya.

Ta jiƙa sauran, ta tace, ta ɗiga ruwan a farantin gwaji, ta jera a gefensa ɗigon magungunan asibiti da ake yawan samun 'yan damfara suna zubawa a garin itatuwa. Da farantin ya bushe ta kai shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Tabo ɗaya ya fito ɓaro-ɓaro, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na wani magani.

Ba ta san Anti na bayanta ba sai da ta ji ƙarar sarƙar tabarau.

"Sitiroyid," in ji Anti. "Kuma wanda ya zuba ba shi da rowa. Na wane shago ne?"

Auta ta ci gaba da kallon tabon.

"Shiru-shiru, magana nake. Wa ke shan wannan?"

"Umma."

Anti ta cire tabarau ta bar shi ya faɗo ƙirjinta. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ya daɗe?"

"Tun bara."

"To buɗe kunnenki, duk da na san kin karanta. Maganin nan yana kwantar da ciwon gaɓoɓi kamar an yi ruwa an ɗauke, amma yana cin ƙashi, yana ta da sukari, yana sirance fata. Wannan ɗaya. Na biyu ya fi shi. Jiki yana da nasa irin da yake yi da kansa. In aka daɗe ana ba shi daga waje, sai ya naɗe hannu ya daina. Ranar da aka yanke masa kwatsam, babu na waje babu na ciki, mutum sai ya zube. Na ga wadda aka rasa a haka. Kada ta daina. Ki kai ta asibiti su mayar da ita kan ƙwaya, su riƙa ragewa a hankali. Maganar shago da mai buhu ni zan kai ta inda ya kamata. Ke uwarki ce aikinki."

Da yamma Auta ta tarar da Umma cikin tsaunin yadi ruwan toka. Wata makarantar yara ce ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai, aiki mafi girma da ta samu tun da ta tashi. Auta ta zauna a ƙasa tana tsince zare daga tabarma. Ta tsince wanda ke nan, ta koma tsintar wanda babu.

"In kin gama sharar, sai ki faɗi abin da ya kawo ki," in ji Umma.

Ta faɗa. A hankali, idonta a kan fedar keken. Ta faɗi sitacin, ta faɗi tabon, ta faɗi abin da Anti ta ce.

Keken ya tsaya. Umma ta ciji zare ta tofar.

"Auta, ni yarinya ce? Sassaƙen nan tun ina goye nake ganinsa. Kakanki ya ba ni, na sha har harshena ya yi kanta, bai taɓa ɗauke min ko ciwon farce ba. Sai rana ɗaya ya zama mai tayar da gurgu? Na san akwai abin da ke ciki. Ban tambaya ba ne."

"Umma, yana cin ki."

"Zaman da na yi bai ci ni ba? Kina jami'a lokacin. Ba ki ga ina jan gindi zuwa banɗaki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Asibiti kawai za mu je. Ba su ce a daina yau ba."

"Na san asibiti. Za su ce, 'Mama, sai haƙuri, shekaru ne.' Na sha haƙurin nan, shi ma ba ya magani."

Suna cikin haka labule ya ɗaga. Babban wan Auta ne, mai gyaran wutar lantarki, wanda unguwa ta laƙaba wa Injiniya. Yana zaune da iyalinsa a layin baya, amma ba ya wuce gidan bai leƙo ba. Daga ganin fuskarsa ya daɗe a bakin ƙofa.

"Wato guba Kawu ke ɗura mata."

"Yaya, shi ma bai sani ba. Shi ma sha yake."

"Ya sha tasa, can ta matse masa." Ya miƙa hannu zai ɗauki kwalbar. Umma ta ɗora almakashi a kanta.

"Taɓa ka gani."

"Yaya, ba a yankewa lokaci ɗaya," in ji Auta. "In aka yanke..."

"Ke, guba ce ko ba guba ba ce?"

"Magani ne, amma..."

"Ni ban san amma ba. A wurinmu in waya ta fara hayaƙi ba a kiran taro, sauke layi ake."

"Jiki ba waya ba ne, Yaya. Ya saba. In aka cire zai iya..." Kalmar ta maƙale mata, don Umma na kallonta. "Zai iya yin muni," ta ƙarasa.

"Turancin 'yan boko. Ke da kika ce ta sha, yau ke ce mai cewa kada ta daina. Gobe kuma me za ki ce?"

Wannan maganar ta shige ta. Ta sunkuyar da kai.

Umma ce ta raba gardamar. Ta ce su saurara mata ta gama kayan yaran nan, an kusa komawa makaranta, ba za ta kunyata a idon mutane ba. Ranar da ta miƙa aiki, washegari Auta ta kai ta duk inda ta ga dama. Kafin nan ba mai taɓa mata kwalba. Injiniya ya yi ƙwafa ya fita. Auta ta bi shi har bakin titi tana cewa, "Yaya, don Allah ka yi min alkawari." Ya ce, "Na ji," ya tayar da motar aikinsa.

Ta yarda da jinkirin don ba ta iya ja da Umma ba, ta kuma gaya wa kanta cewa abin da aka yi shekara ana sha, 'yan kwanaki ba za su ƙara masa komai ba. Kullum kafin ta fita sai ta ɗaga kwalbar ta duba ta jikin gilashi. Garin yana raguwa. Sai ta ajiye, hankalinta ya ɗan kwanta.

Gwiwoyin ne suka fara magana. Umma ta ce sanyin damina ne, ta ƙara cika cokali. Sai abinci ya fita ranta. Sai ta riƙa tsayar da keke tana dafe goshi, ta ce ɗakin ne ke juyawa. Auta ta ce su tafi asibiti, Umma ta ce saura wanduna kaɗan, zazzaɓi ne, wa bai taɓa zazzaɓi ba. Injiniya kuwa ya riƙa zuwa safe da yamma, da fara'ar da ba a saba gani ba, yana cewa, "Dattin ne ke fita, Umma. Ki daure."

Wata safiya Auta tana ɗaura takalmi ta ji amai daga ɗaki, sannan ta ji wani abu ya faɗi da nauyi. Ta tarar da Umma a ƙasa tsakanin keke da bango, jikinta sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa wuyan riga. Idonta a buɗe, amma da Auta ta kira ta, sai ta amsa da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun Auta ba ta zo duniya ba.

Ta kira Injiniya a waya ta ce ya zo da mota yanzu. Ta juyar da Umma ta kwantar da ita a gefe, ta sa matashi a ƙarƙashin ƙafafunta. Zuciyarta sai maimaita abu ɗaya take: ai tana sha, ai ban bari ta daina ba. A nan idonta ya faɗa kan cokalin da ke bakin kofi, da ragowar gari a jikinsa.

Ta shafo da yatsa ta murza. Garin Kawu laushi gare shi, ja mai haske. Wannan yana da tsaki-tsaki, jansa ya yi duhu. Ta jawo akwatin maganin gida daga saman kabad, ta zazzage shi a ƙasa, ta sami 'yar kwalbar aidin ta wanke ciwo. Ta ɗiga a kan cokalin. Ta jira ya yi baƙi. Bai yi ba.

Su biyu suka ɗauki Umma zuwa mota, suka kwantar da ita a baya tsakanin naɗin wayoyi da tsani. Auta ta ɗora kan Umma a cinyarta. Sai da suka hau babban titi ta yi magana, kuma muryar da ta fito ba ta san tana da ita ba.

"Yaya, me ka zuba a kwalbar?"

Ya dube ta ta madubi ya kau da kai.

"Me ka zuba?"

"Na gaskiyar na zuba!" ya ce. "Na je shagon Kawu na sauko da na Kaka, wanda ke da bakinki kika ce mai kyau ne. Na kai aka niƙa. Na juye gubar a kwata na cika mata da mai tsabta. Ta ci gaba da shan abinta, ba faɗa, ba guba. Laifi ne?"

"Yaushe?"

"Washegarin ranar da kika faɗa."

Auta ta rufe ido. Duk safiyar da ta ɗaga kwalbar nan ta ji daɗi, sassaƙe zalla take kallo.

"Na ce maka ba a yankewa."

"Ban yanke ba! Canjawa na yi. Na ɗauka na gaskiyar zai riƙe ta." Ya danna hon a kan wani mai babur da bai yi masa komai ba. "Auta, ba za ta mutu ba, ko? Ke kika yi karatun."

Auta ta gyara kan Umma a cinyarta. Yatsunta na kan wuyan Umma, tana bin bugun da ke zuwa da sauri, siriri kamar zare.

"Kawu fa?" ta tambaya. "Buhunsa?"

"Da na gaya masa, kuka ya yi. A gabana ya juye shi."

"Kira matarsa. Ta kawo shi asibiti ko yana iya tafiya da ƙafarsa. Ta tambaye shi duk wanda yake sayar wa."

Sashen gaggawa a cike yake. Wani matashin likita, idonsa ja don gajiya, ya ɗaga fatar idon Umma, ya ji amai da jiri, ya ce wa nas a ɗebi jini a duba zazzaɓi, ya juya zai wuce gado na gaba. Auta ta ce, "Likita." Bai ji ba. Ta sake faɗa, ƙarar wani yaro mai kuka ta danne. Ta ga bayan farar rigarsa yana nisa, sai kawai ta cafko hannun rigar ta riƙe gam.

"Ba zazzaɓi ba ne. Ta shekara tana shan sitiroyid a cikin garin magani ba ta sani ba. Ni na gwada shi da hannuna. An yanke mata kwatsam. Ka auna jininta ka gani, ya faɗi."

Duk wanda ke kusa ya juyo. Likitan ya dubi hannunta a rigarsa, ya dubi fuskar Umma, ya ɗaga hannun rigarta ya ga fatar. Bai ƙara tambaya ba. Ya kira nas da ƙarfi, aka kawo allura, aka rataya ƙarin ruwa, aka ja labule aka bar su a waje.

Injiniya ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya haɗa kai da gwiwa. Auta ta tsaya kusa da shi. Tana da maganganu da yawa da za ta iya gaya masa, amma kowacce ta ɗauko sai ta ga tana da wadda za ta dawo mata. Can aka shigo da Kawu, matarsa na riƙe da shi, ya yi zuru-zuru, ba dariya ba tsokana. Da ya hango su ya buɗe baki, aka wuce da shi kafin ya ce komai.

Wajen azahar Umma ta dawo hayyacinta. An mayar da ita ɗakin mata, gado kusa da taga. Likitan ya zo ya tsaya a gefenta ya yi bayani: sun yi sa'a, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Za a sa ta a kan ƙwaya, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har jikinta ya tuna aikinsa, abin da zai ɗauki watanni. Za a duba sukari, a ɗauki hoton ƙashi.

"Gwiwar fa?" in ji Umma.

Likitan ya dubi gwiwoyin. "Za mu ba ki abin da zai rage, Mama. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba za ta zama kamar 'yan watannin nan ba."

"Sai haƙuri," in ji Umma.

"Sai haƙuri."

Da ya tafi, ta juya ta dubi 'ya'yanta. Injiniya ya durƙusa a gefen gado ya fara magana, ta ɗaga masa hannu.

"Tashi, kada ka tara min mutane. Ɗaya ta ce in sha, ɗaya ya ce kada in sha, kowa don yana sona. Allah ya yi muku albarka, ya kuma raba ni da dabararku." Ta numfasa. "Boka fa?"

"Yana ɗakin maza," in ji Auta. "An sa masa ruwa. Ya farfaɗo."

"Je ka zauna da shi," ta ce wa Injiniya. "Kuma in ka ɗaga masa murya ban yafe ba. Wawa ne, ba mugu ba ne."

Ya fita yana share fuska da hular aikinsa.

Suka rage su biyu. A gadon gefe wata mata tana ba tsohuwarta shayi da cokali. Auta ta gyara bargo, ta gyara matashi, ta sake gyara bargon.

"Umma, da na buɗe kwalbar tun farko..."

"Da kin hana ni shekara guda ta tafiya da ƙafata. Ban ce kin yi daidai ba. Ban kuma ce na yi nadama ba. Bar maganar." Ta yunƙura. "Zan zaga."

"Bari in karɓo miki tasa wurin nas."

"Ba na so. Da ƙafata zan je."

Auta ta sauko da robar ruwan daga maratayi ta riƙe ta sama. Umma ta zuro ƙafafu ƙasa ta dafa ƙarfen gado ta miƙe. Tana miƙewa fuskarta ta canja. Ba ta yi ƙara ba, leɓenta kawai ta ciza, ta tsaya a haka tana kallon ƙofar banɗakin da ke can ƙarshen ɗaki, bayan jerin gadaje.

"Da nisa," ta ce, kamar da kanta take.

"Mu koma, Umma."

"A'a."

Ta saki ƙarfen gadon ta kama na gaba. Matar da ke ba da shayi ta janye kujerarta ta ba su hanya, ta ce, "Sannu, Mama." Umma ta gyaɗa mata kai. Auta ta bi ta a baya da robar ruwa a sama, hannunta ɗaya a buɗe kusa da bayan Umma, ba ta taɓa ta ba, suna tafiya daga gado zuwa gado.